Leto Mai Lasifikar Jam'iyyar Fitila

Sunansa na baftisma Anacleto, amma tun daga kasuwar Maubisse har gangaren kogi babu mai kiransa haka sai matarsa Joaninha, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Kowa Leto yake cewa. Ni Gaspar, ni na riƙe masa ɗansa na fari a coci ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Ni ne kuma na tuƙa a-kori-kurar da ya riƙa magana a bayanta a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar da ruwa ya cinye hanyar ƙauyen Rai-Mutin. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, wani ta madubin mota.

Ubansa manomin gahawa ne, mutum mai haƙuri, amma Leto bai gaji haƙurin ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne da maƙogwaro. Tun yana ƙarami yake kwaikwayon duk abin da ke da murya: limamin coci, akuyar maƙwabta, kakarsa in tana faɗa da kaji. A zamanin da sojojin waje suka mamaye ƙasarmu ya taɓa kwaikwayon sojan da ke tsare hanya, sojan na tsaye kusa, aka yi sa'a bai gane ba. Ranar nan ubansa ya yi masa dukan da bai taɓa yi masa irinsa ba, sannan ya zauna a bakin ƙofa ya kasa cin abinci. Da ya girma ya yi kwandasta a Dili, babban birnin ƙasarmu, yana rataye a ƙofar mota yana kiran unguwanni. Daga baya ya dawo tsauni ya yi aure, ya karɓi gonar ubansa. Ranar kasuwa shi ke yin shela a wurin faɗan zakaru. In an yi rashi shi ake kira ya riƙa sanar da dangin da suka iso da dabbar da suka kawo, don bai taɓa rikita sunan gida ba.

Siyasa ba ta dame shi ba sai da Mestre Silvino ya tsaya takara. Mestre malamin makaranta ne da ya koya wa rabin mutanen tsaunin nan karatu, har da Leto. Da uwar Leto ta rasu, da ƙafa Mestre ya hau Rai-Mutin cikin ruwan sama ya zo ta'aziyya. Wannan ne dalilin Leto, ban taɓa jin ya kawo wani ba. Alamar jam'iyyar Mestre fitilar ƙwai ce, sai sunan ya bi ta.

Manyan 'yan takara biyu ne. Akwai Injiniya Gaudêncio, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar hanyoyi, akwai kuma wani tsohon alƙali da kowa ke ce wa Alƙali kawai. Kullum da safe shugabar jam'iyya ta gundumarmu, Mana Pascoela, za ta tsaya a gefen mota ta faɗa wa Leto abin da aka aiko daga Dili. A ce Injiniya zai miƙa gonakin gahawa ga kamfanin waje. A ce Alƙali ya tsufa, barci yake a wurin taro. Leto sai ya ɗauki wannan busasshiyar magana ya zuba mata mai da gishiri.

Na Alƙali bai karɓu sosai ba, don kwaikwayon mai barci ba ya nisa. Na Injiniya ne ya zagaye ƙasa. Injiniya ta hanci yake magana, yana tura gilashinsa da ɗan yatsa, kuma ba ya gama jimla bai ce "bisa ƙa'ida" ba. Leto ya samo firam ɗin gilashi marar ido ya maƙala. Sai ya tsaya bayan mota ya toshe murya ya ce, "'Yan'uwana, bisa ƙa'ida, gonarku tawa ce. Ku kuma, bisa ƙa'ida, sai ku sha iska." Mata su riƙe ciki, tsofaffi su tofar da jan yawun bua, ƙwayar da ake taunawa kamar goro, don kada su ƙware. Wani ya ɗauka a waya, ya bazu. Har yara a Dili suka koma cewa "bisa ƙa'ida" in an aike su sun ƙi.

Aka yi zagayen farko. Injiniya ya zo na ɗaya, Alƙali na biyu, babu wanda ya haura rabi. Mestre ya zo na uku, amma a tsaunukanmu shi ya kwashe kusan komai. Aka sa zagaye na biyu bayan wata guda. Kowa ya iya lissafin: inda ƙuri'un Fitila suka karkata, nan mulki zai faɗa.

Ranar da aka bayyana sakamako Leto ya cire lasifikar daga motata ya naɗe wayarta, ya ce, "Kompadre, aiki ya ƙare. Mu koma ciyawar gona."

Na ce, "Ina jin yanzu ma aka fara."

Akwai wata matsala a gidansa. Yayan Joaninha, Tomé, shi ne wakilin Injiniya a garin. Tun da gilashin nan ya fito Tomé bai ƙara amsa gaisuwar Leto ba, kuma a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne gidan da suka ba ka mata su juya maka baya. Ga shi ranar cire baƙin tufafin makoki ta surukin Leto, wanda ya cika shekara da rasuwa, ta faɗo a makon da ya biyo bayan zaɓen. Joaninha ta ce masa, "Anacleto, za ka je, za ka kai akuyarka, za ka zauna inda aka zaunar da kai. In na ji hancinka ya yi magana, a can zan kwana."

Ya je. Ni na kai su da akuyar. An kafa rumfa, an yanka ɓauna da aladu, ana ta zuba dafaffiyar masara da wake. Leto ya zauna cikin surukai kamar wanda aka ɗaure wa baki. Da rana ta yi sanyi sai ga Tomé da kansa ya kawo masa kofin gahawa, ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Mutane suka yi kamar ba su gani ba.

Tomé ya ce, "Mijin ƙanwata, yau bakin naka azumi yake?"

"Maun, babban yaya, an ce in bar shi a gida, na bar shi."

"To ka ɗauko shi gobe. Babban mutum yana masauki a gari, yana son ganinka."

Leto ya ajiye kofin. "Ganina ko kama ni?"

"Da kama ka ake so, ai da ni zan fara kama ka. Ka zo da gilashin."

Washegari da hantsi na raka shi, don ya ce in an ɗaure shi a samu mai kai wa Joaninha labari. Muka tarar da Injiniya a baranda yana cin soyayyar ayaba, da matarsa da wasu mutum biyu. Ya fi yadda yake a hoto gajarta. Ya ba mu hannu, ya tambayi lafiyar gona, sannan ya ce, ta hancin nan nasa, "Na ga kaina a waya. Ina so in ga kaina ido da ido. Yi mini."

Leto ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya sa gilashin. Da farko muryar ba ta fito sosai ba, amma da ya kai "gonarku tawa ce" ta zauna daidai. Matar Injiniya ta sa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna motsi. Shi Injiniya bai yi dariya ba, bai kuma ɓata fuska ba. Kallon Leto yake kamar mai duba gada.

Da ya gama sai ya ce, "Da hannun hagu nake tura gilashi, kai da dama kake yi. Sauran daidai ne." Ya goge yatsunsa. "Maganar gona ƙarya ce, amma ba kai ka ƙirƙiro ta ba, na san wanda ya yi. Ga abin da nake so. In jam'iyyarku ta zo wajena, ka hau dandamalina ka yi wannan abin yadda kake yi, ka cire zancen gona kawai. Mutanen tsauni ba za su fito don ni ba, don kai za su fito. In sun gama dariya sai in fito in yi musu magana."

Leto ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na Mestre ne."

"Na sani. Shi ya sa na ce in jam'iyyarku ta zo."

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka wuce coci ya ce, "Kompadre, da ya zage ni da na fi jin daɗi."

Mutanen Alƙali ma sun zo, amma ba wurin Leto ba. Wurin Mana Pascoela suka je da buhunan shinkafa, ta sa aka mayar musu. Ta ce ba ta karɓar gaisuwa kafin a yi zaman jam'iyya.

Aka kira zaman a Dili, wakilai daga kowace gunduma. Mana Pascoela ta sa sunan Leto cikin namu, ta ce mutumin da ya yi wa jam'iyya tsawa wata biyu ya cancanci kujera. Ni direba ne, amma babu wanda ya hana ni tsayawa a bakin taga. Zauren wata makaranta ne da aka ara, rufin kwano, fanka ɗaya ke aiki. Mu mutanen tsauni zafin Dili ya fi damunmu da komai.

Kwana biyu aka yi ana abu ɗaya. Masu son Injiniya suka ce shi zai ci ko da mu ko ba mu, gara a shiga tun ƙofa na buɗe, kuma ya yi alkawarin ma'aikatar ilimi da ta noma. Masu son Alƙali suka ce in Injiniya ya hau zai haɗiye Fitila, nan da shekara biyar ba mai tuna sunanta, shi kuwa Alƙali tsoho ne mai buƙatar kafaɗar da zai dafa. Wata matashiya daga gabas ta ce a bar kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Wani lauya ya amsa mata cewa jam'iyyar da ba ta iya nuna wa mutanenta hanya ba, ƙungiyar mawaƙan coci ce. Aka yi dariya, aka kuma ɓata rai. Mestre yana zaune a gaba da tsohuwar rigarsa mai dogon hannu, yana saurare, bai nuna inda ya karkata ba. Ya rame tun bayan zaɓen.

A rana ta biyu bayan abinci wani ya hango Leto ya ce, "Ga mai gilashi can, ya gaya mana, bisa ƙa'ida." Zauren ya ɗauka da dariya. Leto ya miƙe yana murza hularsa. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ya ce, "Mestre, shugabanni, ni ba mai ilimi ba ne. Ni dai ƙauye-ƙauye na bi na ce wa mutane wancan ɓarawon gona ne, wancan kuma gawa ce da ba a binne ba. Duk wanda kuka ɗauka cikinsu, ni za a tura in koma in ce na fasa. Abin da nake roƙo, ku gaya mini abin da zan ce musu in sun tambaye ni. Shi ke nan."

Lauyan ya ce za a rubuta bayani a raba wa kowace gunduma. Aka wuce zuwa mai magana na gaba.

Da yamma aka ɗaga hannu. Injiniya ya yi rinjaye, ba da yawa ba. Leto ya ɗaga nasa tare da matashiyar nan ta gabas, cikin masu cewa a bar kowa da zaɓinsa, su kaɗan ne. Mestre ya miƙe ya ce abin da jam'iyya ta yanke shi ne nasa, ya gode wa kowa. Wakilan wata gunduma suka fita kafin ya gama. A bakin ƙofa, muna jiran mota ta huce, Mestre ya zo ya dafa kafaɗar Leto.

"Anacleto, har yanzu kana zama a bencin baya."

"Nan ne iska take, Mestre."

"Za ka taimake ni?"

Leto ya ce, "In kai ka ce."

"Ni na ce."

Bayan Ista aka mayar da lasifika kan motata, aka ɗaura tutar Injiniya kusa da ta Fitila. Taron farko a garin Maubisse aka yi, ya kuma tafi yadda Injiniya ya tsara. Leto ya fito da gilashi, yanzu da hannun hagu yake turawa. Filin ya cika da dariya. Ana cikin haka Injiniya ya fito daga baya ya tsaya gefensa ya tura nasa gilashin, mutane suka kusa faɗuwa. Ya rungume Leto, ya ce, "Bisa ƙa'ida, wannan ƙanena ne." Tomé ya yi ta yawo cikin jama'a yana cewa mijin ƙanwarsa ne. Joaninha ta sa sabon zane ta zauna cikin danginta. Taro na biyu ma haka aka yi. Leto yana cin abinci sosai a kwanakin nan, amma in mun shiga mota ba ya hira.

Na uku a Rai-Mutin ne, ƙauyen uwarsa. Injiniya bai zo ba, don hanyar ta zaftare, manyan motoci ba sa hawa. Mu kaɗai ne da Mana Pascoela da Tomé, muka bi ta tsohuwar hanyar dawakai muna sa duwatsu a ƙarƙashin taya. Mutane sun taru a gaban ɗakin kakanni, maza a tsugune da zakarunsu a hammata, mata a kan tabarma. A zagayen farko ƙuri'ar da ba ta Fitila ba a ƙauyen nan ba ta cika hannu biyu ba.

Leto ya hau bayan mota ya sa gilashi ya fara. Yara suka yi dariya. Manya ba su yi ba. Ya ƙara gishiri, ya kawo wani sabon da ya shirya na Injiniya yana auna tsawon wutsiyar alade. Wani saurayi ya yi dariya shi kaɗai, ya waiga, ya daina. Leto ya cire gilashin ya karanta bayanin da aka aiko daga Dili, mai maganar haɗin kai da zaman lafiya da ci gaba.

Da ya gama, wata tsohuwa, Avó Bendita, wato kaka Bendita, ƙanwar kakarsa, ta cire buar da ke bakinta ta ce, "Leto, sauko kusa, kunnena ba ya jin wannan ƙarfen."

Ya sauko ya durƙusa gabanta.

"Wancan watan ka tsaya nan ka ce mutumin nan zai karɓe gonar gahawa. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na sa jikana ya kai ni rumfar zaɓe a goye. Yanzu ka ce a ba shi. To gonar fa? Zai karɓe ko ba zai karɓe ba?"

Tomé ya matso ya ce, "Avó, ai wannan duk siyasa ce."

"Ba da kai nake ba, ɗan gidan su Joaninha. Da jikan yayata nake."

Leto ya ce, "Avó, ban sani ba."

"Wancan karon ka sani?"

"Wancan karon ma ban sani ba. Ba ni aka yi, na faɗa."

Ta mayar da buar bakinta. Ta ce, "To. Ka ci abinci kafin ka tafi, an dafa rogo."

Ba a yi hayaniya ba, ba wanda ya zagi kowa. Mutane suka watse a hankali, wasu suka zo suka gaishe mu. Muka ci rogon da barkono. Da lokacin tafiya ya yi, Leto ya ce shi zai kwana nan, gobe ya gangara da ƙafa. Mana Pascoela ta ce akwai taro jibi a ƙasan kogi. Ya ce ta nemi wani. Ta ce ya tuna Mestre da kansa ya roƙe shi.

Ya ce, "Mana Pascoela, na yi masa taro uku. Ki gaya masa maƙogwarona ya kumbura."

Muka bar shi can muka sauka gari. Sauran tarukan faifan muryar Leto aka riƙa sakawa a lasifika, wani ɗan'uwan Tomé yana tsaye da gilashin yana motsa baki.

Ranar zaɓe Leto ya je ya huda takardarsa, yadda ake zaɓe a wurinmu, ya tsoma yatsa a tawada kamar kowa. Bai gaya mini wanda ya zaɓa ba, ban tambaya ba. A Rai-Mutin mutane da yawa ba su fito ba, waɗanda suka fito suka rabu kusan biyu. Injiniya ya ci zaɓen da tazarar da ta nuna ko ba ƙauyen nan zai ci. Fitila ta samu ma'aikatar ilimi, ta noma kuwa aka ba wasu. Mestre ya riƙe ma'aikatar shekara biyu, ciwon suga ya kwantar da shi, ya koma gida. Gonakin gahawa suna hannun masu su. Hanyar Rai-Mutin an fara ta, an kai rabi.

Tomé ya samu aiki a ofishin gunduma. Ya ɗan yi fushi da Leto, amma da aka zo auren 'yarsa sai ya kira shi ya yi shela, don babu wani. An aiko daga Dili ana neman Leto ya riƙa shiri a rediyo, ya ce gahawa ta nuna, ba mai tsinke masa. Joaninha ta yi masa faɗa a kan wannan har mako guda, ta ce mutum da 'ya'ya huɗu a makaranta ba ya mayar da albashi. Ya saurara, ya ɗauki kwandonsa ya tafi gona.

Da Mestre ya rasu, iyalinsa suka aiko a zo da Leto ya sanar da masu ta'aziyya. Na kai shi. Ya tsaya a bakin rumfa tun safe har rana ta faɗi, yana kiran gida-gida da abin da suka kawo, har da tawagar fadar shugaban ƙasa da ɓaunarsu, ya kira su a layinsu, bayan mutanen wani ƙauye da suka riga su isowa da akuya. A hanyar dawowa tayarmu ta fashe a kan gangara. Muka sauka, ya riƙe mini jak, ya ce ɗansa na fari, wanda na riƙe a coci, yana so ya tafi Ostareliya tsinkar 'ya'yan itace, uwarsa ba ta so. Ya tambaye ni ko zan zo ranar Lahadi in yi mata magana, tunda ni tana jin tawa. Na ce zan zo.